Taswirar waya da neman abinci a Kano: me jajayen ɗigon nan suke nunawa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim. In mun gama girbi bana zan tafi Kano cin rani, in koyi gyaran waya a Farm Center. Ban san birnin ba, iyakata tasha da asibiti. Yayana ya bar mini wayarsa, akwai Google Maps a ciki. Da na rubuta 'restaurant' a nan garinmu babu abin da ya fito, alhali muna da masu tuwo da masu shayi. Da na ja taswirar zuwa Kano sai na ga jajayen ɗigo sun cika wasu wurare, wasu wuraren kuma fayau. Shin zan iya dogara da wannan in san unguwanni, in kuma san inda zan ci abinci daidai aljihuna?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a girbe lafiya, ya kuma sa albarka a sana'ar da za ka koya.

In na fahimce ka, abu biyu ka haɗa. Na farko, ko taswirar cikin waya za ta koya wa baƙo fasalin Kano, ya san wace unguwa ce ta wace irin harka. Na biyu, ko za ta kai shi inda zai ƙoshi da ɗan abin da ke aljihunsa. A kan na farko, za ta yi maka fiye da yadda kake zato. A kan na biyu kuwa, in ka bi ta yadda yawancin mutane suke yi, wato ka rubuta kalma ɗaya ka danna sunan da ya fito a sama, za ta kai ka inda kuɗin abincinka na kwana uku zai tafi a faranti ɗaya. Akwai wata hanyar bi, ita nake so in nuna maka.

Sana'ata zanen taswira ce. Na yi aiki da tawagogin rigakafin shan inna a ƙauyukan Kano da Jigawa, a shekarun da ake ta fama kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Aikinmu shi ne mu ɗauki hoton tauraron ɗan'adam mu gwada shi da jerin sunayen garuruwan da ke hannun hukuma, don kada a tsallake yaran wani wuri. Sau da yawa za ka ga ruga ko 'yar unguwa, ga rufinta nan ɓaro-ɓaro a hoto, ga turken dabbobi, amma babu sunanta a takardar kowa. Hoto yana ganin rufi, amma suna sai wani ya taka ya je ya tambaya ya rubuta. Abin da ya faru da masu tuwon garinku ke nan.

Wa ke saka ɗigon?

Tituna da koguna da gine-ginen da kake gani, yawancinsu daga hoton sama aka zana su, shi ya sa za ka iya ganin hanyar da ta ratsa ƙauyenku. Shago da gidan abinci lamarinsu daban. Kafin ɗigo ya bayyana da suna, sai dai mai wurin ya yi wa kasuwancinsa rajista da Google, ko wani kwastoma ya ƙara wurin da kansa, ko kamfanin ya tsinto bayanin daga wani shafi na intanet. Kowace hanya a cikin ukun nan tana buƙatar mutum mai babbar waya, mai data, wanda kuma ya ga amfanin yin hakan.

To duba mai tuwon garinku. Ba ta da allo, ba ta da suna sai wanda kuke kiranta da shi, masu sayen tuwonta sun san ƙofar gidanta tun suna yara. Wa zai neme ta a waya? Wani abincin ma a cikin gida matan aure ke dafa shi, yara su fita da shi talla, yanzu a bakin masallaci, an jima a bakin makaranta. Abin da ke yawo a kan tire ba shi da wurin da za a kafa masa ɗigo. Wannan bai tsaya a ƙauye ba, haka yake a tsakiyar Kano. Mafi yawan abincin da talaka yake ci a birnin nan, ƙosai da waina da ɗanwake da garau-garau, babu shi a taswira ko kaɗan.

Saboda haka ka riƙe wannan tun yanzu: jajayen ɗigon suna nuna inda masu waya da data suke cin abinci. Inda ka ga fayau, mai yiwuwa nan ne tukwane suka fi yawa. Wanda ya gane haka zai karanta inda taswirar ta cika ya karanta inda take fayau, duka biyun suna ba da labari.

Jerin sunayen da ke fitowa a ƙasa ma akwai yadda aka tsara shi. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa: dacewar wurin da abin da ka rubuta, kusancinsa da kai, da shahararsa, wadda yawan sharhi da taurari suke ƙara wa nauyi. Araha ba ta cikin ukun, daɗin miya ma haka. Wurin da ya zo na ɗaya sau da yawa ya zo ne don ya fi kusa da kai ko don an fi maganarsa a intanet.

In ka ga dama, kai ma za ka iya saka mai shayin garinku ko mai tsiren bakin tasha. A cikin manhajar akwai wurin ƙara sabon wuri, ka sa suna da irin sana'ar, Google ya duba ya amince. Amma ka nemi izinin mai wurin tukuna. Gidan da matan aure ke dafa abincin sayarwa kuwa, kada ka kafa masa ɗigo sai da yardar masu gidan, domin ka nuna wa duk duniya ƙofar gidan mutane ke nan.

Karanta birnin da kalmomi daban-daban

Ka manta da jerin sunayen na ɗan lokaci, ka dubi taswirar kanta. Ka matse ta da yatsu biyu har yawancin Kano ya shigo fuskar wayar, ka rubuta kalmar da kake so, ka ga ina ɗigon suka yi dandazo. Sannan ka ja zuwa wani ɓangaren, wani ɗan rubutu zai fito a sama mai cewa "Search this area", ka danna shi ya sake nema a nan. Wannan dannawar tana da muhimmanci, domin manhajar ba ta zuba dukan ɗigon lokaci guda. Daga nesa kaɗan take nunawa, sai ka matso sauran suke ɓullowa. Mutane da yawa sukan duba daga nesa su ce unguwa kaza ba ta da komai, alhali ba su matsa ba ne.

Daga nan sai ka riƙa canja kalma. Nan ne daɗin aikin yake, domin kowace kalma Kano daban take zana maka.

Rubuta "shawarma" ko "pizza" ko "ice cream". Galibi za ka ga ɗigon sun taru a Nassarawa GRA da Bompai, da gefen titin Audu Bako da Lodge Road, sai kuma Zoo Road wajen Ado Bayero Mall. Ba haka kawai abin ya faru ba. Nassarawa nan ne Turawan mulki suka zauna, bayansu manyan ma'aikata da attajirai suka gaje wurin. Kwarori, wato Larabawan Labanan da Sham, sun fi shekara ɗari suna kasuwanci a Kano, kuma abincinsu ya zauna a garin. Idan ka ga irin wannan tarin, ka san ka gano unguwar masu hali: haya da tsada, abinci da tsada, masu gadi a ƙofa. Wuri ne mai kyau ka san shi, wata rana za a aike ka kai wa kwastoma waya. Amma cin yau da kullum ba naka ba ne a yanzu.

Sai ka goge ka rubuta "amala" ko "pounded yam" ko "pepper soup". Ɗigon za su yi tsalle su koma Sabon Gari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayan haka aka yanka Sabon Gari don baƙin da suka zo daga kudu, ma'aikatan reluwe da akawu da 'yan kasuwa, kuma har gobe nan ne cibiyar Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu a birnin. Sakwara da teba da miyar agushi da farfesu, can za ka same su na asali. Abu ɗaya zan gaya maka a matsayin yaya: in ka ga sunan wuri a haɗe da kalmar "bar" ko "lounge", akwai yiwuwar ana sayar da giya a ciki. Gara ka sani tun a waya da ka shiga ka yi ta raba ido.

Yanzu ja taswirar zuwa yamma, cikin badala, wajen Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki. Ɗigon za su yi ƙaranci sosai. Wanda bai san Kano ba sai ya ɗauka mutanen cikin birni ba sa sayar da abinci. Alhali nan Jakara take, wadda gurasarta ta yi suna har wajen jihar, nan Agadasawa take da kilishinta, nan Kurmi take tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Lunguna ne da mota ba ta shiga, sana'o'i ne na gado da ba su taɓa buƙatar allo ba. Fagge da Kantin Kwari da Singer su ma ɗigonsu bai kai rabin abin da ke ƙasa ba. Dubban 'yan kasuwa da 'yan dako ke wuni a can, kowa kuma sai ya ci, amma a rumfa da kan benci ake ciyar da su.

Akwai wata alama da mutane ba su cika lura da ita ba. Tun 2016 Google yake shafa wani launi mai rawaya-rawaya a kan wuraren da shaguna da gidajen abinci suka yi yawa. Ko ba ka rubuta komai ba, in ka ga layi ya yi wannan launin, wurin hada-hada ne.

Abin da ni na fi amfani da shi kuwa shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Danna alamar da ke sama a hannun dama ka zaɓi "Satellite", sai zanen ya koma hoto na gaske. Sabon Gari za ka gan ta layi-layi a miƙe. Cikin birni za ka ga gidaje a cakuɗe, lunguna suna lanƙwasa. GRA manyan filaye ne da itatuwa. Dogayen rufin kwano a jere, masana'antu ne, su Sharaɗa da Chalawa da wani ɓangaren Bompai. A bakin gari kuma za ka iya bambance unguwar da hukuma ta yanka da ta awon igiya, domin ta awon igiya titunanta ƙanana ne, ba su da tsari, wani ya tafi ya ƙare a bangon gida. Irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe da Birget, gidaje ne danƙam, ɗigon abinci kaɗan. A nan masu ƙaramin ƙarfi suke, a nan kuma ɗaki da abinci suka fi sauƙi. Ka dai tuna hoton ba na yau ba ne, yakan yi watanni ko ma shekaru, kuma yana shan data fiye da zanen.

Nemi abin da ke jawo abinci

Ga dabarar da ta fi dacewa da aljihunka. Tunda mai garau-garau ba ta cikin taswira, nemi abin da ya zaunar da ita a inda take. Abinci mai araha yana bin taron masu aikin ƙarfi da masu jira: direbobi, leburori, masu jinya, ɗalibai, 'yan dako. Su kuwa wuraren da suke taruwa duk suna cikin taswira, domin manya ne. Rubuta "motor park", rubuta "hospital", rubuta "market", rubuta sunan makaranta. Duk inda ɗayansu ya fito, zagayensa akwai tukwane.

Mu ɗauki tafiyarka. Daga Ringim motar za ta shigo da kai ta titin Haɗeja, ta Gezawa da Jogana, ka iso 'Yan Kaba, inda kasuwar kayan gwari take. Tun daga nan ka sami wurin karin kumallo. Farm Center, kasuwar wayar da za ka, tana Tarauni. Buɗe taswirar a kanta ka ga abin da ke kewaye: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, Gyaɗi-Gyaɗi na kusa, tashar Unguwa Uku na gaba kaɗan. Bakin asibitin koyarwa ba ya rabuwa da masu abinci, domin masu jinya daga jihohi da dama suke kwana a wurin, kuma ba masu kuɗi ba ne yawancinsu. Tasha ma haka. Ita kanta kasuwar wayar tana da masu kawo abinci har bakin shago, kuma yaran shagon da za ka zauna a ciki sun riga sun tantance wace ce miyarta ta fi, wace ce take cika kwano. Da ɗan gari akan ci gari. Taswira ta kai ka unguwar, daga nan bakinka ya ƙarasa aikin.

Yadda nake yi in na sauka garin da ban sani ba: in duba tasha da kasuwa da asibiti a waya tun a mota, in zaɓi wanda ya fi kusa da masaukina, in na isa in sa wayar a aljihu in dubi inda 'yan adaidaita sahu suka faka suna ci. Direban da ke zagaya gari kullum ba ya komawa inda aka cuce shi.

Sannan akwai maganar lokaci, wadda taswira ta fi rauni a kanta. Kai ɗan karkara ne, ka fi ni sanin wannan. Gujungu ranar Lahadi da Gujungu ranar Talata ba gari ɗaya ba ne. Maigatari sai Alhamis, Wudil sai Juma'a. Ranar kasuwa masu tuwo da masu nama da masu fura su cika wuri, washegari sai rumfuna da awaki. A birni ma haka abin yake, sai dai da sa'o'i ake lissafi. Kwanar da ke da mai koko da ƙosai da asuba, da hantsi ta tashi, da rana mai shinkafa da wake ta zauna, bayan la'asar mai tsire ya hura wuta, da dare mai shayi ya shimfiɗa teburinsa. Wuri ɗaya, sana'a huɗu, taswira ba ta san ko ɗaya ba. Ko wuraren da ta sani ma, rubutun "Open now" da take nunawa daga lokutan da wani ya taɓa shigarwa ne. Ba kasafai ake gyara su don sallar Juma'a ba, balle watan azumi, lokacin da gidajen abinci da yawa a Kano suke rufe da rana su buɗe dab da shan ruwa.

Taurari da sharhi

Ranar da ka sami ɗan kuɗi kana son ka ci wani abu na daban, ko baƙo ya zo maka, to a nan jerin sunayen zai yi amfani. Amma ka iya karanta shi. Taurarin daga ɗaya zuwa biyar ne, kuma a gefensu akwai adadin waɗanda suka ba da su. A misali, wurin da ke da 4.9 daga mutum shida da wurin da ke da 4.1 daga mutum ɗari huɗu, ni na biyun zan fi yarda da shi, domin shidan nan ƙila mai wurin ne da ƙannensa. Duba kwanan watan sharhin ƙarshe. In ya shekara biyu babu wanda ya ce komai, mai yiwuwa wurin ya rufe ɗigon ne ya rage, don ba kowa ke tunawa ya cire ba. Duba hotunan da kwastomomi suka ɗauka, ka bar waɗanda mai wurin ya ɗora. In ka ga hoton takardar farashi, dubi shekararsa. Duk farashin da aka ɗauka kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 labari ne kawai.

Ka kuma lura da abin da masu sharhin suke yabo ko kuka a kai. Wani zai rage tauraro don babu wurin ajiye mota, wani don na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki. Kai ba wannan ya kawo ka ba. Nemi mai maganar yawan abincin da tsabtar wurin da saurin kawowa.

Ɗigo kan zauna a inda ba nan wurin yake ba. Na sha ganin haka a aikina: mutum ya yi wa shagonsa rajista yana kwance a gida, sai ɗigon ya kafu a kan gidansa. In akwai lambar waya, kira ka tambaya kafin ka biya kuɗin mota.

Sunan taswira da sunan baki

Wannan ne yake ɓatar da baƙi. Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi birnin Kano: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Da yawa daga cikin sunayen nan sunayen unguwanni ne kuma. In ka rubuta "Tarauni" ko "Fagge", jan layin da zai zagaye wurin sau da yawa iyakar ƙaramar hukumar ce gaba ɗaya, wadda ta ninka unguwar sau da yawa. In ka rubuta "Sabon Gari" kaɗai, za ta iya kai ka Zariya, "Nassarawa" kuma ta kai ka wata jihar. Kullum ka ƙara "Kano" a ƙarshe. Wajen rubutu kuma ka bar ƙugiyar haruffa, ka gwada yadda ake rubutawa a allunan hanya, "Yankaba", "Kofar Ruwa", "Dorayi", in bai fito ba ka sauya harafi ɗaya ka sake.

Kasuwar Sabon Gari a hukumance sunan Muhammad Abubakar Rimi take ɗauke da shi, kuma haka za ka iya ganinta a waya. In ka ce wa ɗan adaidaita ya kai ka Kasuwar Rimi, wata kasuwar daban zai kai ka, ta cikin birni kusa da Asibitin Murtala. Jami'ar Bayero mazauni biyu gare ta, tsohuwa da sabuwa ta kan titin Gwarzo, da tazara mai yawa tsakaninsu. Tituna da dama an sauya musu suna a takarda, mutane na nan suna kiransu da na da.

Direba ba ya aiki da sunan layi. Abin da ya sani shi ne kwana da gada da shataletale da gidan mai: Bata, Ɗangi, Gadar Lado, Ƙofar Nassarawa, Kabuga. Don haka in ka sami wurin da za ka a taswira, nemi babbar alamar da ta fi kusa da shi, ita za ka faɗa, sauran ka ƙarasa da ƙafa. Mintunan da manhajar ke lissafa maka ma na mai motar kansa ne ko mai babur. An hana acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, adaidaita sahu za ka hau, shi kuwa yana tsayawa ɗauka da saukewa, kuma yana da hanyoyin da ya saba bi. Wurin da ya yi kusa a taswira zai iya cin hawa biyu, wanda ya fi nisa ya ci hawa ɗaya. Jan layi a kan titi cunkoso yake nufi, kore kuma hanya a buɗe take.

Data da caji da tsaro

Kafin ka bar gida, ranar da ka shiga Ringim ko wani wuri mai sabis sosai, sauke taswirar Kano a wayar. Danna hotonka ko harafin sunanka da ke sama, ka shiga "Offline maps", ka zaɓi yankin. Daga nan tituna da sunayen wurare za su buɗe ko babu data. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake ba ya cin data, da tauraron GPS yake aiki. In ka ga babban da'ira mai haske ya kewaye shi, wayar ba ta tabbatar da wurin ba tukuna, fito fili ka ɗan jira. Sharhi da hotuna da launin cunkoso su kam sai da data, kuma kwatancen da taswirar da aka sauke take bayarwa na mota ne kawai. Duk wurin da ka gano mai kyau, mai waina ce ko mai shayi, danna wurin ka riƙe har jan ɗigo ya sauka, ka ajiye shi da sunan da kai za ka gane. Cikin wata guda za ka tara taswirar da ta fi ta Google amfani a gare ka. Haka za ka ajiye masaukinka tun daren farko, ka kuma tura wa yayanka ta WhatsApp.

Manhajar tana shan caji, kada ka bar ta a buɗe tana yi maka magana duk tsawon hanya. Sannan ƙwacen waya gaskiya ne a Kano. Kada ka yi tafiya da waya a hannu kana kallonta, musamman da dare ko a cikin adaidaita ta gefen titi. Duba hanyar tun kana cikin shago, haddace mahaɗar hanya biyu ko uku, in ka rikice shiga wani kanti ka sake dubawa a ciki.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ambaci sunan gidan abinci ko ɗaya ba, kuma da gangan ne. Suna buɗewa suna rufewa, mai dafawa ta sauya ɗanɗano ya sauya, kuma ni mai taswira ne, harshena ba ma'auni ba ne. Tsabta ma waya ba za ta auna maka ita ba. Idonka ne zai duba ruwan da ake wanke kwano da shi, da ko abincin da zafinsa, da ko a rufe yake. Baƙon da ya saba da ruwan garinsu cikinsa kan ɗan yi gardama a makon farko, don haka fara da abin da aka sauke daga wuta a gabanka.

Wajen neman ɗaki kuma, taswirar za ta rage maka wahala ne kawai. Da ita za ka ware unguwanni biyu ko uku da hawa ɗaya zai kai ka Farm Center daga cikinsu, ka ga ko akwai masallaci da kasuwa da kemis a kusa. Ba za ta gaya maka ko ana samun ruwa a layin ba ko sai an saya wurin 'yan garuwa, ko wuta tana zuwa, ko kwata tana ambaliya da damina, ko matasan wurin suna da fitina. Waɗannan sai ka je da ƙafarka, sau ɗaya da rana sau ɗaya bayan isha'i, ka zauna teburin mai shayin layin ka saurara. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka sa maigidan da za ka koyi aiki a wurinsa, ko wani ɗan garinku da ya daɗe a Kano, ya raka ka ya ga ɗakin.